Akwai Wani Yaro a Gidanmu

Da na gaya wa babana abin da zan karanta a jami'a, sai da ya sa na maimaita. Yana zaune bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce aikin jin daɗin jama'a, Baba, irin na ofishin walfeya. Ya ce me ake yi a ciki? Na ce sauraron mutane, da sasanta su, da taimakon wanda ya rasa mai taimakonsa. Ya ajiye fartanyar ya dube ni, ya ce, "Yau kuma wannan ma sai an hau mota an je an koyo?" Na tashi na bar wurin, don in na buɗe baki ba na tsayawa inda ya kamata. Haka nake tun ina ƙarama, kuma tsufa bai rage komai ba, sai dai ya ƙara min ciwon gwiwa.

Farkon shekarun 1980 ne, ƙasar tamu tana cikin jihar Kaduna tukuna. Mutanen garinmu har na gama karatun, aikin nas suka ɗauka nake koyo. In na zo hutu sai a kawo min yaro mai zazzaɓi a ce in duba shi. Na gaji da bayani, na koma taɓa goshi ina cewa a kai shi asibiti.

Littattafan da aka ba mu duk na ƙasashen sanyi ne. Hotunan mata cikin manyan riguna, da gidajen da ake ajiye tsofaffi, mu yi ta tambayar juna wane ɗan halak ne zai kai uwarsa ajiya. Mun haddace, mun zubar a takardar jarrabawa, yawancinsu sun bi ruwa. Abin da ya zauna a kaina shi ne darasin wata lakcara da muke ce wa Madam. Mutumiyar kudu ce, Kirista, siririya, ba ta ɗaga murya, amma duk ajin tsoronta muke ji. Ita ke koya mana yadda ake zama da wanda ya kawo kukansa. Takan sa a jawo kujera biyu gaban allo, ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zama mai kuka, mu kwaikwaya. Kada ka zauna bayan tebur. Kada ka naɗe hannu. Ka dubi mutum a ido. Wannan na duban ido mun sha dariyarsa a ɗakin kwana, don wanda ya dubi babana a ido shi ya san abin da ya gani. Amma babbar ƙa'idarta, wadda take maimaitawa har kunne ya yi tsami, ita ce kada ka faɗa wa mutum abin da yake so. Ka bar shi ya faɗa da bakinsa. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru ka jira.

Ni kuwa jira ba halina ba ne. Duk ranar da aka sa ni kujerar ma'aikaci, kafin mai kukan ya kai tsakiyar maganarsa na ƙarasa masa, har na yanke hukunci. Sai Madam ta ɗaga hannu, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Ke, baki da yawa." Aji ya kwashe da dariya, ni kuma in koma wurin zamana ina huci.

A shekarar kusa da ƙarshe aka watsa mu aikin gwaji, kowa da inda aka jefa shi. Ni aka tura ni wani ƙaramin ofishin walfeya a ƙasar Malumfashi, wai don kusa da gida. Damina ce. Ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano yana yoyo, an tara bokiti a gefen tebur. Shugaban ofishin, wanda kowa ke kira Yallaɓai, dattijo ne da ya gaji tun kafin a haife ni. Ba mugu ba ne. Burinsa kullum a tashi lafiya, kowa ya koma gida, kada magana ta kai gaban alƙali. Kalmar da ya fi so ita ce "an sasanta". In ya faɗe ta sai ya cire hula ya shafa kai, kamar wanda ya sauke dami.

Na kama ɗaki a gidan wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, haifaffiyar garin, Hausarta ta fi tawa gishiri. Kullum na dawo da la'asar ƙafafuna duk taɓo, sai ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa, sarkin rabon faɗa. Yau auren wa kika ɗinke?" Ko dariyar ba na iyawa. Aikin ba irin wanda na zata ba ne. Miji ya hana cefane, an kori mai taɓin hankali daga kasuwa, tsohuwa ba mai ba ta ruwa, yau su gobe su. Ki zauna a bayan a-kori-kura har ƙugunki ya riƙe, ki isa ƙauyen a ce wanda kike nema ya tafi gona, gonar kuma tana hayin rafi. Ban yi wata guda ba jikina ya yi la'asar.

Ran wata kasuwa wata mata ta zo ta zauna ƙarshen benci a baranda. Fara ce, doguwa, ta ɗan girme ni, irin Fulanin nan da suka zauna suka kama noma har Fulatanci ya fita bakinsu. Duk wanda ya zo bayanta sai ta matsa masa ya shiga. Har azahar tana nan. Da barandar ta watse na fito na zauna kusa da ita, muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, ruwa, gona. Sannan na ce me ke tafe da ke? Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Akwai wani yaro a gidanmu," in ji ta. "An ce za a tafi da shi."

"Yaron wa?"

"Na mutanen gidan ne."

"Ya sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Nan na gane, don ni ma 'yar fari ce. Har innata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". In baƙi suka yaba ni sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kowa a ƙasarmu ya san wannan. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna nata ne, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Wasu ke tsaya masa, kaka ko gwaggo. A wajen Fulani abin ya fi tsanani. Matar nan ta tako ƙafa daga wata ruga ta bayan Gozaki saboda ɗanta, kuma ba za ta iya cewa ɗanta ba ne.

Da ƙyar, da kewaye-kewaye, na haɗa labarin. Mijinta ya rasu bara. Ta gama takaba ta koma gidan tsohonta da yaron. Shi kaɗai gare ta, waɗanda suka biyo shi ba su zauna ba. Ya isa makaranta, ta sa shi firamare. Yanzu wan mijinta, wani Alhaji, ya aiko zai ɗauke shi. Gonaki sun cinye burtali, shanu ba su da inda za su bi, shi ya sa Alhaji ya kora garken gidansu can kudu inda daji ya rage, kuma yana son mai bin su. In yaron ya tafi, ya tafi ke nan, sai dai a ji labari. Tsohonta ya makance, kuma ba zai yi ja-in-ja da surukai ba. Innarta ta rasu. Wata maƙwabciya ce ta gaya mata akwai ofis inda ake jin kukan mata.

"Me kike so a yi?" na tambaye ta, don haka aka koya min.

"Ni ba abin da nake so," ta ce. "Na dai zo in faɗa."

Yallaɓai ya ji, ya ja tsaki kaɗan, ya ce a aika wa Alhaji ya zo a zauna, ya sa rana. Ni kuma na nemi mota na bi ta gida, don ziyarar gida tana cikin abin da ake ba mu maki a kai.

Na same ta tana daka a tsakar gida. Yaron ya dawo daga makaranta, siriri mai manyan idanu, ya durƙusa ya gaishe ni. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ta ce wa iska, "Wani ya ɗauke kwanon da ke bakin murhu kafin kaji su zubar." Ya je ya ɗauka ya shiga ɗaki da shi. Can yana ci sai ya ƙware, ya kama tari. Taɓaryar ta tsaya a sama. Ba ta juya ba, amma ba ta sauke ta ba sai da tarin ya lafa, sannan ta ci gaba da dakanta.

Na gaya mata gaskiya. Ranar zaman Alhaji zai yi magana, za a juyo kanta, dole ta ce tana so a bar mata shi. Ta zaro ido ta ce a gaban Alhaji? Wan miji fa, wanda ko a hanya ta hango shi sai ta ratse. Na ce to mu gwada yadda muke yi a aji. Na juye hatsin a ƙwarya, na kifa turmin, na ɗora masa malfar tsohonta. Na ce ga Alhaji nan, faɗa masa. Ta dubi turmin, ta dube ni, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Na ce ba wasa nake ba, Yaya. "A bar min ɗana." Shi ke nan fa. Ta gyara zama, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta rufe. Sai ta ce, "Malama, wallahi ko turmin nauyinsa nake ji."

Raina ya ɓaci. Na ce kunyar nan wani ɗan za ta ba ki? Ta sunkuyar da kai, ni kuma na ji haushin kaina, don na san innata ma da ba za ta iya ba. Na sassauta murya na ce wa ke gare ki mai baki? Ta ce akwai gwaggonta a Tsiga, ƙanwar tsohonta, wadda ba ta tsoron kowa, ita ta yanke cibiyar yaron. Na ce madalla, ita za ta yi magana, ke ki zauna kawai. Haka ake yi tun asali, ba ni na ƙirƙiro ba. Na aika wa gwaggo ta bakin wani direba mai bin hanyar. Ta aiko cewa tana nan tafe, kuma Alhaji ya shirya.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Madam za ta zo duba ni. Kowane ɗalibi sai an zo an ga yadda yake zama da mutane a ba shi maki, kuma wanda ya faɗi aikin gwaji sai ya maimaita shekara. Yallaɓai ya ji baƙuwa daga jami'a za ta zo, sai ya sa aka share ofis, aka toshe yoyon da kwalta, ya kuma jawo zaman Alhaji ya dawo da shi ranar, wai kada ta zo ta tarar da mu muna hamma. Na ce Yallaɓai, gwaggon fa? Ya ce a sake aika mata mana. Na aika. Amma tun jajibirin ranar sama ta ɓalle, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke hanyar Tsiga ya cika ya haye kwalbati, ba mota ba keke. Uwar yaron ta iso jiƙe sharkaf, Alhaji ya iso da lema, Madam ta iso a ƙaramar motarta, gwaggo shiru.

Na roƙi Yallaɓai a ɗaga zaman. Ya ce a ɗaga, baƙuwa ta taso tun daga nesa cikin ruwan nan? Na ja Madam gefe na yi mata bayani da Turanci, ina yi ina sarƙewa. Ta saurare ni har ƙarshe, don ita abin da take koyarwa shi take yi. Ta ce ta gane, su ma a garinsu akwai wanda mace ba ta ɗaga kai a gabansa. Sannan ta ce, "Ta faɗa miki abin da take so?" Na ce ba ta faɗa ba, amma na gani. Ta ce abin da ma'aikaci ke cewa ke nan kullum kafin ya ɓata wa mutum rayuwa. Yau kin gani daidai, gobe ki gani a karkace, ki yi magana a madadin wadda ba haka take so ba, wa zai tsayar da ke? Ki ba ta lokaci, ki jira. Har yau na kasa cewa maganarta ƙarya ce, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan.

Muka zauna. Alhaji a kujera, Madam a lungu, uwar yaron a ƙasa bakin ƙofa ta juya wa Alhaji gefe, duk da na nuna mata kujera.

Alhaji ba azzalumin da na zana a raina ba ne. Dattijo ne mai sanyin murya, ya gaishe da kowa har da ni. Ya ce yaron jinin ƙanensa ne. Shanun da uban ya bari suna cikin garke, na yaron ne, in bai tashi a cikinsu ba ta yaya zai san su? Ya ce ita yarinya ce, gobe za ta yi aure, a bar ɗan ƙanensa ya tashi agola a gidan wani? Ya ce boko ba laifi, amma ba a tatsar boko. Sannan ya buɗe hannu ya ce, "Ni fa ban zo ƙwace ba. Ga ta nan, a tambaye ta. In ta ce a bar mata shi, wallahi na bar shi."

Ya san abin da yake yi. Yallaɓai ma ya sani, don na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a yi wa uwar ɗan fari wannan tambaya, balle a gaban wan mijinta. Da a zauren mai unguwa wani ya yi ta, da dattawa sun ce haba, Alhaji. Amma nan ofis ne, kuma a ofis tambayar mutum ya faɗa da bakinsa ita ce adalci. Yallaɓai ya juyo ya ce, "Malama, maganar taki ce. Tambaye ta."

Na sauko ƙasa kusa da ita. Na ce, "Yaya, kin ji. Me kike so?" Na yi shiru. A rayuwata ban taɓa yin shiru irin na ranar ba. Ruwa na dukan kwano, ita tana murza bakin zanenta. A raina ina cewa faɗa mana, baiwar Allah, faɗa.

"Ni me nake da shi?" ta ce, can ƙasa. "Ɗansu ne."

Yallaɓai ya ce a sake tambaya. Na sake, na sake jira.

"Duk yadda Alhaji ya gani."

Alhaji ya ce, "To, kun ji."

Nan kaina ya ɗau zafi. Na manta da Madam, na manta da maki. Na miƙe tsaye na ce, "Haba, Alhaji! Ka ji tsoron Allah mana! Kai ba ka san abin da ya rufe mata baki ba? Matar da ta tako daga bayan Gozaki cikin taɓo, don wa ta zo? Shi kaɗai gare ta a duniya! Son sa take kamar ranta, ko tari ya yi sai numfashinta ya tsaya, da idona na gani!" Ban san iyakar abin da na faɗa ba. Yallaɓai yana ta "Malama, Malama." Ban tsaya ba sai da na ji an kama ƙafata.

Ita ce. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ta ce, "Malama, don girman Allah ki rufa min asiri. Ki yi shiru. Ni ban aike ki ba."

Na zauna. Abin da take ɓoyewa tun ran da ta haihu, na shanya shi a tsakar ofis gaban surukinta, kuma ta ƙaryata ni da bakinta, kowa ya ji. Alhaji bai yi fushi ba, ya ce yarinta ce, Allah ya shirya. Yallaɓai ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "To, alhamdulillahi. An sasanta."

Na raka Madam mota. Ta ce za ta rage min maki, don na karya ƙa'ida a gabanta, kuma na ga abin da hakan ya jawo. Na ce na bi ƙa'idar ma, Madam, kin ga abin da ta jawo. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan. Ta tsaya da makulli a hannu, ruwa na ɗiga daga lemarta. Sannan ta ce, "Na gani." Ta shiga mota ta tafi. Ban faɗi ba, na haye da ƙyar. Waɗanda suka biyo mu sun ce ta koya musu darasin nan dai, ban sani ba ko ta ƙara wani abu a ciki.

Da ruwa ya janye gwaggo ta iso, gajeriyar tsohuwa da sanda, zane a ɗage har gwiwa. Ta zage mu tas, ni da Yallaɓai da ofishin da wanda ya gina shi. "Wa ya ce ku tambaye ta? Uwa ake tambaya? Ku a ina kuka tashi?" Ta wuce wurin Alhaji ko ruwa ba ta sha ba. Da a tsakar gida aka yi maganar da ta warware ta, don maganar gida ba ta ƙarewa, yau a yanke gobe a tayar. Amma Alhaji ya tarbe ta da fura, ya ce Gwaggo, an gama a gaban hukuma, da bakinta ta faɗa, har baƙuwa daga jami'a shaida ce. Na koma na roƙi Yallaɓai a sake zama, ko a kai maganar gaban alƙali. Ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Wa zai kai ƙarar? Ita?" Na fita baranda na zauna a bencin, na ji kamar in tattara kayana in koma gida in kama fartanya.

Ran kasuwa aka tafi da yaron. Na je tasha karɓar saƙon gida sai na gan su. Babbar mota ce ta katako, an loda buhunan hatsi, mutane a sama. Alhaji a gaba kusa da direba, yaron a kan buhu cikin rigar makaranta, da ƙullin kayansa, da sabuwar sanda da aka yanko masa, ta fi shi tsawo. Gwaggo ce ta rako shi. Uwar ba ta zo ba, ba ta yadda za ta zo. Na tsaya har motar ta fita.

Ƙa'idar karatunmu ce a koma a duba mutum bayan an rufe maganarsa. Na yi ta ɗagawa, yau ruwa gobe ba mota, har aikin gwajin ya kusa ƙarewa. Daga baya dai na je. Na same ta a gonar gyaɗa bayan gida tana noman maimai. Ta rame. Na zata ba za ta dube ni ba, sai ta miƙe ta gaishe ni sosai. Ta tambayi mutanen gidanmu, da Yallaɓai, da baƙuwar nan mai mota, ko ta isa lafiya. Ta tambaya ko taki ya samu a gari. Muka yi zancen ruwan bana da tsutsar da ta kama auduga. Ba ta ɗauko maganar yaron ba, ni ma ban ɗauko ba.

Na yi sallama na juya, sai ta ce, "Malama." Ba ni take duba ba, fartanyarta take duba. "Gwaggo ta ce ta gan ki a tasha ran nan."

"Ina nan."

"Ita idonta ba ya ganin nesa." Ta kankare ƙasar da ta liƙe a fartanyar. "Motar ta cika?"

"Ta cika."

"An yi hadari ran nan. Na sama, akwai tamfol?"

"Akwai. Na ga an warware shi kafin su tashi."

Ta gyaɗa kai. Ta sa fartanya a ƙasa, ta ɗaga ba ta yi noma ba.

"Da suka tashi," ta ce, "a cikin na saman, akwai wanda ya waiwayo?"

Na gaya mata gaskiya. Akwai. Ya juya baya gaba ɗaya, ya durƙusa a kan buhu yana duban bakin tasha, yana bin mata da ido ɗaya bayan ɗaya, har motar ta sha kwana.

"To," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya. Sauka lafiya, Malama."

Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta. Na tsaya a bakin gonar ina kallo. Ciyawa da gyaɗar duka take sarewa, tana tafe, ba ta gani. Ban gaya mata ba.